Guɗar da Ta Cinye Min Hedifon

Zan iya manta ranar da na fara aiki, zan iya manta lambar motata, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na zauna a falona na Gangaren Tudu don in raba gardama tsakanin hedifon biyu, sai gardamar ta juyo ta raba ni da mutuncina. (Na ce mutunci ne don abin ya yi nauyi a rubuce. Matata Hauwa cewa take yi girman kai ne, wai kuma dama ya yi min yawa.)

Kafin mu je ko'ina, akwai abin da ba zan yi wa kara ba: ina da kunne. In aka sa min kiɗan kalangu zan gaya maka makaɗa nawa ne a wurin, in nuna maka wanda fatarsa ta saki. In aka sa goge, zan gaya maka ko mai gogen a zaune yake ko a tsaye. Mutane suna dariya in na faɗi haka, ni kuwa ban taɓa jin haushinsu ba, tausayinsu nake ji.

Hanya ce ta jawo min wannan ciwo. Duk wanda yake kwana a Keffi yana aiki a Abuja ya san yadda gosulon Mararaba ke cin rayuwar mutum da safe, ya sake ci da yamma. A motar da muke haɗuwa mu shiga, wani barci yake yi, wani carbi yake ja, wani kuma siyasa yake yi da direba har su ɓata. Ni na zaɓi kiɗa. Na fara da iyafis ɗin bakin titi, irin wanda kunne ɗaya ke mutuwa kafin a wuce Masaka, daga nan na dinga hawa sama a hankali har na kai ga hedifon na gaske, babban nan mai rufe kunne ruf kamar na matuƙin jirgi. (Mutanen unguwarmu duk iyafis suke ce musu. Na yi gyara har na gaji na bari.)

Wanda na fi ji da shi na sa masa suna Mai Raga, domin bayan kowane kunne raga ce, iska na shiga tana fita. Da wayar da ake sokawa yake aiki, kuma ba ya tashi sosai sai an haɗa shi da wani ɗan akwatin amfilifaya da bai fi sabulun wanka ba. Ba a shiga mota da shi, don duk abin da kake ji na kusa da kai ma yana ji, kai ma kana jin duk abin da duniya ke ciki. Na gida ne. Amma in ka sa shi ka lumshe ido, kiɗan ba a cikin kanka yake ba, a gabanka yake, kowane makaɗi da wurin zamansa. Hauwa ta ce yadda nake goge masa ƙura, da takalmina na samun rabin haka da tuni an ƙara min girma a ofis.

To akwai Bulus. Ofishinmu ɗaya, motarmu ɗaya, mutumin Akwanga ne amma a Keffi yake haya. Shi ma yana da ciwon, sai dai nasa ya karkata. Hedifon ɗinsa rufaffe ne, ba waya, kuma yana da wani maɓalli da in ka danna sai ya shanye hayaniya gaba ɗaya. Mun yi wata da watanni muna abu ɗaya.

"Oga, abeg, wannan naka ba shi da bes," in ji shi. "Kiɗa in bai buga ka a ƙirji ba, to labarai kake ji."

"Bulus, naka ba kiɗa yake ba ka ba, duka yake ba ka. Ka taɓa jin numfashin mawaƙi a cikinsa?"

"Me zan yi da numfashin mutum? Ni likita ne?"

Haka muke yi daga Keffi har Nyanya, har sauran 'yan motar suka fara roƙon a koma maganar siyasa. Wata Juma'a da muka sauka, Bulus ya zare nasa daga wuya ya miƙo min. Ya ce in tafi da shi in ji shi tsakani da Allah, Litinin in zo in ba shi haƙuri a gaban kowa. Na karɓa ina murmushi, don na riga na san hukuncin da zan yanke.

A nan dole in tsaya in gabatar muku da surukina, Malam Yahuza, don in ba ku san shi ba ba za ku gane girman abin ba. Dattijo ne na cikin gari, mai ba da karatu a zaure, irin mutanen da in suka yi gyaran murya sai layi ya yi tsit. Hauwa ce 'yarsa ta fari, saboda haka ba ya kiran sunanta, "yarinyar nan" yake cewa, kuma tun da aka kawo ta gidana bai taɓa tako ƙofar ba. Lokacin da nake nemanta an tsegunta min cewa ya taɓa tambaya, "Yaron nan na Abuja, anya yana da natsuwa?" Wannan tambaya ta zauna min a rai. Tun daga ranar na ɗauki alkawarin sai na amsa masa ita da halina. In zan je gaishe shi babbar riga nake sawa ko da gari na tafasa, in kashe ƙarar waya tun daga bakin layi, in zauna kaina a ƙasa ina magana kamar mai ciwon haƙori. Shekaru ina wannan gini. Duk abin da na taɓa samu daga bakinsa shi ne, "To, madalla." Ni kuwa abin da nake so bai wuce wata rana ya dube ni ya ga mutum ba.

Sannan ga Hauwa da tsohon ciki, na fari, bayan mun daɗe muna jira har wasu sun fara yi mana kallon tausayi. Watanta ya tsaya, haihuwa yau ko gobe. Dangi da maƙwabta duk kunnensu na gidanmu.

Ranar Asabar ɗin, bayan azahar, aka ɗauke wuta, gari ya ɗauki zafi. Hauwa ta shiga ɗaki ta kwanta. Na ce yauwa, ga lokacin aiki. Na tuɓe riga na bar singileti, na ga zaninta na atamfa a kan kujera na jawo na ɗaura don in sha iska. (Duk namijin da ya ce bai taɓa yi ba, ku tambayi matarsa.) Na buɗe ƙofar falo na saki labule kawai, ƙofar gida ma a sake take. Na jera kayan aiki a kan tebur, Mai Raga a dama, na Bulus a hagu.

Gwajin gaskiya yana da ƙa'ida: waƙa ɗaya, wuri ɗaya, ƙarfin sauti ɗaya, ka ji a wannan ka ji a wancan. Na fara da garaya. A Mai Raga har karcen farcen makaɗin a kan tsirkiya na ji, a na Bulus kuwa sai garayar ta yi ƙiba kamar an ba ta abinci da yawa. Na sa goge, nan ma haka. Sai na ce a raina, kada Bulus ya ce na zalunce shi, bari in nemo kiɗan da zai ba nasa dama. Ba abin da ya kai amada. Ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa tana da wani zurfi da ƙaramin hedifon ba ya iya ɗauka. Ina da wani tsohon ɗauka na gidan biki, mata zalla, kuma a tsakiyarsa akwai inda wata maguɗiya ke sakin guɗa. Wurin nan shi ne jarrabawa, don hedifon maras kyau yana mai da guɗar kamar ana kankare ƙanzo da cokali.

Na fara da Mai Raga. Na ji komai tsaf, ina zaune da natsuwata, ina jin matan, ina kuma jin akuyar maƙwabta tana kuka a waje. Na gyaɗa kai kamar alƙali. Sannan na sa na Bulus, na danna maɓallin nan nasa.

Duniya ta ɗauke. Ba janareton mai shagon kan kwana, ba akuya, ba babur. Na yi gyaran murya, ni kaina ban ji ba. A nan haɗarin yake, kuma ba wanda ya taɓa gaya min: a Mai Raga kana jin muryarka, saboda haka kunyarka tana tare da kai, a wannan kuwa an rufe ta a waje tare da akuyar. Sai ƙwaryar ta sauko min a ƙirji, dum, dum. Zan yi wa Bulus adalci, abin nan ya iya duka.

Kafaɗa ce ta fara. Na ce ba komai, kafaɗa ce. Can sai na tsinci kaina a tsaye. Ni a hannun goggonnina na tashi, ba bikin da ba a goya ni an je ba, don haka amshin nan duk yana cikin kaina a ajiye, jira kawai yake yi. Na kama amshi da siririyar murya, ido a rufe, ƙugu ya shiga aiki, zanin Hauwa na taya ni. Da aka zo wurin guɗar, wallahi ban san lokacin da yatsuna suka kama hancina ba. Na sake ta.

Kuma tun da gaskiya muke faɗa, ta yi kyau. Doguwa ce, ta hau sama ta tsaya, sannan ta sauko da ɗan karkarwar nan ta ƙarshe da ba kowace mace ke iyawa ba. Na ji ta a maƙogwarona ko da ban ji ta a kunne ba. Na mayar da waƙar baya na sake yi. (Gwaji sai da maimaici. Wannan ma ƙa'ida ce.)

Abin da ke faruwa a waje kuwa, daga baya aka ba ni labari. Malam Yahuza ya je Agwada duba wani tsohon ɗalibinsa, aka ba shi zuma mai kyau. A hanyar dawowa zuciyar uba ta rinjaye shi, ya ce bari yau dai ya biya ta Gangaren Tudu, ya tsaya daga bakin ƙofa ya miƙa wa yarinyar nan zumar ya wuce. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya cika ta uku, ya juya zai tafi kamar yadda ya saba koya wa mutane. A daidai nan guɗata ta farko ta fito ta taga. To gidan da ake jiran haihuwa, in aka ji guɗa a cikinsa, magana ɗaya ce. Maƙwabciyarmu Iya Lami, wadda ita ce ke karɓar rabin haihuwar layinmu, ta ji ita ma, ta fito da gudu tana ɗaura ɗankwali. Malam ya manta da alkunya, ya manta da shekarunsa, ya bi bayanta da sauri har ya riga ta kai hannu ga labule.

Ina tsakiyar ta uku na buɗe ido.

Abin da na fara gani shi ne fuskarsa, kuma ita ce har yau take dawo min. Murmushi yake yi, irin wanda ban taɓa sanin yana da shi ba, idonsa ya kawo ruwa, sanda a hannu ɗaya, kwalbar zuma a ɗayan. Sai na ga idon ya sauka a kan yatsuna da ke riƙe da hanci, ya gangara kan singileti, ya tsaya a kan zanin 'yarsa. A gabana murmushin nan ya dinga janyewa har ya ƙare. Kunya daban, amma wannan ya yi min ciwo, don na san abin da ya zo da gudu ya gani, na kuma san abin da ya tarar.

Bakinsa na motsi, ba na jin komai. Maimakon in cire abin, sai na zube ƙasa na gaishe shi. Da yake ba na jin muryata, an ce yadda na ce "Baba sannu da zuwa" har mai shagon kan kwana ya amsa. Iya Lami ce ta dinga nuna min kunnenta, sannan na fizge shi. Falon ya yi tsit, sai 'yan muryoyin matan nan da ke ci gaba da rera abinsu daga cikin hannuna. Na lalubi wurin kashewa na rasa, don ba nawa ba ne. Na tura shi ƙarƙashin matashin kujera, suka ci gaba daga can.

"An sauka?" in ji Malam.

"A'a, Baba."

"To wa ya yi guɗa?"

Na waiga dama da hagu ina neman macen da zan jingina wa. Iya Lami ta ce, "Ni dai yanzu na shigo."

"Ni ne, Baba."

Sai ga Hauwa ta fito tana dafa bango, shatin matashi a kumatunta. Ta ga mahaifinta a tsakiyar falonta, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta ga mijinta a durƙushe cikin zaninta, shi ma ba ta taɓa gani a gaban mutane ba. Ta rusuna iya yadda cikin ya bar ta, ta gaishe shi da murya mai rawa, na kasa gane ko kuka ne ke zuwa ko dariya. Iya Lami ta gyara ɗankwali ta ce, "Malam, a yi haƙuri, amma tsakani da Allah guɗarsa ta fi tawa." Ta fita, na san kuma ba gida ta nufa ba.

Na so a ce ya juya ya tafi, in samu in mutu a natse. Amma saurin da ya yi ya taɓa masa gwiwa, sai ya nemi kujera ya zauna. Hauwa ta tafi kawo ruwa. Na sulale ɗaki na zura jallabiya, na tsaya ina kallon taga ina tsine wa wanda ya sa mata ƙarfe. Da na dawo na rakuɓe a bakin ƙofa, ginin shekaru ya rushe, ba abin da ya rage sai a share wuri.

Ya sha ruwa. Can ya nuna tebur da sanda.

"Wannan ne ya sa ka?"

"Ba shi ba ne, Baba. Wancan ne, na ƙarƙashin matashi. Na abokina ne." (Ko a wannan hali ban yarda a ɗora wa Mai Raga laifin da ba nasa ba.)

"Me ya raba su?"

Da ya san abin da ya taɓo da bai tambaya ba. Ni in aka zo wannan magana kunya sauka take yi daga kaina kamar hula. Na fara a hankali, kai a ƙasa, kafin in ankara na ɗago ina nuna masa ragar, ina bayanin yadda iska ke wucewa, da yadda rufaffen ke tara sauti a wuri ɗaya, da gardamar da muke yi da Bulus a mota. Shekarun nan duka ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. Yana saurare, bai katse ni ba.

"Wato gardama ce ba ku da alƙali," ya ce. "Kawo in ji. Amma ba na matan ba."

Na shiga lalube. Na tuna Hauwa ta taɓa gaya min a Agwada ya yi ƙuruciya kafin a kawo shi gari karatu, sai na nemo wani tsohon kiɗan gangar noma, irin na gayya. Na zaro na Bulus, Allah ya taimake ni na gano maɓallin, na ɗora masa a kan hula. Bai daɗe ba ya cire.

"Wannan kamar an kifa min tukunya a ka. Ƙarfi kam akwai. Amma mutum ba zai ji ko ana sallama ba."

Na sunkuyar da kai na karɓi rabona. Sannan na haɗa Mai Raga da ɗan akwatinsa, na mayar da kiɗan farko, na sa masa da hannu biyu.

Ya rufe ido. Ganga na fita ta ragar a hankali, ni ma ina ji. Aka yi nisa bai motsa ba, sai na lura da babban yatsan ƙafarsa yana tashi yana sauka a kan tabarma, daidai da bugun. Na kawar da kai don kada ya buɗe ido ya ga na gani. Sai da kiɗan ya ƙare kaf sannan ya cire, ya riƙe shi a cinya.

"Wannan gona ce," ya ce. "Ga mai ganga nan a hannun damana, 'yan amshi suna can gaba sun kusa ƙarshen gona. Akwai wani ma a baya da ya gaji, yana amsawa a makare. Kuma duk da haka ina jin yarinyar nan tana taɓa kwanuka a madafa." Ya shafa ragar da yatsa. "Rabona da jin gangar nan haka tun ina bin mahaifina da 'yar fartanya. Ka iya zaɓe. Abu ya yi kyau."

Ku tuna, mutumin da bai taɓa wuce "madalla" ba ne. Kuma mai amsawa a makaren nan, na daɗe ina gaya wa Bulus yana nan, yana ce min ƙarya nake yi. Kaina ya kumbura har na manta cewa ɗazu nake tsaye a wurin nan da hanci a hannu. Daɗi ya kwashe ni, baki ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro.

"Ai naka ne, Baba."

Kowa ya san yadda wannan magana take tafiya. Babba ya yaba abinka, ka ce nasa ne, shi kuma ya ce haba, bar abinka, Allah ya sa albarka. Kowa ya fita kunyar kowa, kaya na nan a inda suke. Na tsaya ina jiran rabinsa na maganar.

Malam ya juya Mai Raga ya duba ta nan, ya duba ta can. Ya ce, "To. Na gode. Allah ya yi maka albarka." Ya naɗe wayar a tsanake kamar mai naɗe carbi, ya saka shi cikin jakar da ya kawo zuma, ya miƙe. Daga madafa na ji wani tari ya sarƙe Hauwa. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da mai keke, ina kallon jakar nan tana lilo har suka sha kwana. Har yau ban sani ba ko horo ne ya yi min ko kuwa abin ne ya shiga ransa. Ina zargin duka biyun.

Kuna tsammani a nan asarar ta tsaya. Washegari na tashi da wani tunani da ya hana ni karyawa: ya tafi da hedifon bai tafi da ɗan akwatin ba. Zai soka shi kai tsaye a 'yar wayarsa, sautin ya fito siriri ba jiki, ya ce ashe yaron nan bai iya zaɓe ba. Wannan kam ba zan iya ɗauka ba. Na zuba masa kiɗan noma da na garaya a memori, na haɗa da akwatin da cajarsa, na sa babbar riga.

"Yallaɓai," in ji Hauwa, "jiya an karɓi saniya, yau kai ne za ka kai igiya da kanka?"

Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce ta gode wa Allah.

Litinin tun kafin in rufe ƙofar mota Bulus ya fara. Labari ya riga ni.

"Oga, ana biki a layinmu ranar Asabar, sun ce in tambaya ko kana da lokaci."

Na bari suka gama dariyarsu, har direba sai da ya share hawaye. Sannan na miƙa masa kayansa na ce an samu alƙali, dattijo wanda bai san ni da kiɗa ba, bai san Bulus ba, ya ji duka biyun ya yanke hukunci. Na faɗa musu maganar tukunya da maganar gona kalma da kalma. Bulus ya sosa ƙeya.

"To ina wanda ya ci ɗin?"

"Yana wurin alƙali."

Ba a daɗe ba Hauwa ta sauka lafiya, mace. Iya Lami ta leƙo ta tambaye ni ko zan yi guɗar da kaina ko ta yi, na ce ta yi. Ranar suna Malam ya zo da ƙafarsa, ya shiga har falo, ba wanda ya ja shi.

Yanzu duk Lahadi nakan je gaishe shi, kuma na daina sa babbar riga in ana zafi. In ɗalibai suka watse sai ya sa hannu bayan littattafai ya jawo wata jaka, ya ce in matso. Ya samo wasu tsofaffin kiɗe-kiɗe da ni kaina ban san da su ba, kuma yana da ra'ayi a kan kowanne, mukan yi musu har a kira la'asar. Wani lokaci ma ni nake cin musun. In ya zo wurin da yake so in ji, sai ya cire ya miƙo min Mai Raga da hannu biyu, ya ce, "A hankali da wayar, ba irin na kasuwa ba ne." Ni kuma in ce, "To, Baba."

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka toshe kunne, fara rufe ƙofa. Sannan dattijon da ke da kunne ba a yi masa tayin fatar baki, don yana gane abu mai kyau in ya ji shi. Kwanan baya muna zaune ya kalli hannuna ya ce agogon nan ya yi kyau. Na ce, "Na gode, Baba," na mayar da hannun cikin riga.